Noti Na Talatin Da Ɗaya

Shagon kakana taku huɗu ne tsawonsa, faɗinsa taku uku. Na auna shi da ƙafata ina 'yar shekara tara. Ranar da muka rufe shi na sake aunawa na samu uku da biyu da rabi, sai na tuna ƙafar ce ta girma. Yana ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da gidan waya, kuma a cikinsa ya yi shekara arba'in da shida yana gyaran agogo. Mu jikoki Tsoho muke ce masa. 'Yan layi kuwa Minti Biyar suke kiransa, saboda duk wanda ya miƙo masa agogo amsa ɗaya yake samu: "Ba ni minti biyar." Na san mutumin da minti biyar ɗinsa ta kai mako uku.

Yana da shekara goma sha huɗu aka kai shi wurin wani ƙanin mahaifiyarsa mai wannan sana'a. Shekara biyu bai taɓa cikin agogo ba, sai shara da goge gilashi. Da ya iya, ya iya sosai. Da wannan ɗan shago ya raini 'ya'ya bakwai, ya sa shida a makaranta har suka gama, na bakwai ne ya gudu ya zama direba. Da wayar hannu ta zo kowa ya koma duba lokaci a aljihu, aiki ya ragu ya koma canjin batir da maɗauri. Bai yi ƙorafi ba. Ya dai ce yanzu shi mai sayar da batir ne da ya iya zama a kujera.

Abu biyu ne ba ya wasa da su a aiki. Na farko kiret ɗin ƙwai, irin na kwalin nan mai rami talatin. Duk ƙaramin abin da ya kwance daga agogo, noti ne ko fil ko sifirin, rami guda yake ba shi, daga hagu zuwa dama, layi bayan layi. In ya zo haɗawa sai ya faro daga ramin ƙarshe ya dawo baya. Da zarar kiret ya zama wayam, aiki ya ƙare, ba ya ma sake dubawa. Mutum goma sha ɗaya suka koyi aiki a hannunsa, babu wanda bai sha faɗa a kan kiret ba. Wanda ya haɗa agogo ya bar ko ƙwaya ɗaya a rami, sai ya sake kwance shi tun daga farko, ko da agogon yana tafiya lafiya lau.

Na biyu alamarsa. Masu gyaran agogo sukan karce 'yar shaida a cikin murfi, inda mai agogo ba ya gani, don wanda zai buɗe a gaba ya san wa ya riga shi, da kuma yaushe. Ta Tsoho zane biyar ce a jere, ƙanana kamar sawun tsuntsu, da shekarar a ƙasansu.

Bara yanar ido ta rufe masa ido biyu. Likita ya sa ranar aiki, wata Litinin, ya kuma faɗa mana gaskiya: na hagu akwai fata, na dama ba ya alkawari. Muka rufe shagon. Ni na yi jerin kayan, don aikina ke nan, ni ce mai kula da sito a wani babban kantin magani. Agogo ɗari biyu da goma sha biyu na samu waɗanda masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba.

Saura kwana takwas a yi aikin, na je gaishe su da yamma. Iya, kakata, tana zaune a tabarma tana ninke wanki. Tsoho yana kujerarsa, hannunsa a cikin aljihun gaba kamar kullum.

"Uwar Lissafi," haka yake ce min tun ina ƙarama, "awa nawa ne daga nan zuwa birnin bakin teku?"

"Bakwai a bas, in hanya ta yi kyau. Me za ka yi a teku, Tsoho? Kai da ko a baho ba ka son ruwa ya wuce maka idon sawu."

Iya ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Faɗa mata mana. Ko ni in faɗa? Na gaji da taya ka riƙon wannan abu."

Sai ya zaro ɗan gwangwanin man zafi daga aljihun, wanda fentinsa ya goge tas. Duk gidan mun san gwangwanin, mun ɗauka magani ne. Ya buɗe. A cikin auduga akwai noti ɗaya na tagulla, tsawonsa bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba.

Ga labarin yadda ya ba ni shi. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, wani injiniya da Tsoho ya taɓa farfaɗo masa da agogon mahaifinsa ya aiko a kira shi. A babban lambun birnin bakin teku akwai 'yar hasumiyar ƙarfe mai agogo, ta tsaya, masu gyara uku sun gwada sun kasa. Tsoho ya je da kayan aikinsa da kiret ɗinsa. Kwana uku yana saman tsani, iska tana neman kwashe masa hula. Ƙananan abubuwan da ya kwance suka cika ramukan kiret cif, talatin. A rana ta uku, hadari ya taso, ana yi masa kira daga ƙasa ya sauko, ya mayar da na ƙarshe, kiret ya zama wayam, agogo ya kama tafiya. Aka yi masa tafi. Ya dawo gida kansa a sama.

Washegari Iya ta zo wanke rigar aikinsa ta ji abu mai tauri a aljihu.

"To daga ina ya fito?" na tambaye shi.

"Da na sani da na yi barci. Ban tuna lokacin da na sa shi a aljihu ba. Amma girmansu ɗaya da guda huɗun da ke riƙe da ƙarfen lilo. Ƙarfen nan nauyinsa ya kai na yaro ɗan shekara biyar. In uku ne suke riƙe da shi, zai yi ta cin su a hankali, wata rana ya faɗo ya karya haƙoran agogon gaba ɗaya."

Ya rubuta wasiƙa biyu, ba amsa, an ce an yi wa injiniyan canjin wurin aiki. A shekarar kuma ɗansa na biyar ya kwanta ciwo. Da aka samu sararin tafiya, kunya ta riga ta yi girma. Sai ya koma tambayar direbobi da fatake. Mutum tara ya tambaya cikin shekarun nan: huɗu suka ce yana tafiya, uku suka ce ba su lura ba, biyu suka ce a tsaye yake.

"Ni da na sa mutum goma sha ɗaya suka sake kwance agogo a kan ƙwaya ɗaya," ya ce. Ya rufe gwangwanin. "Ina so in san ko na lalata musu shi. In kuma da rami, in mayar tun ina iya ganin ramin."

Kafin ya gama magana na riga na tsara tafiyar a kaina. Hutun kwana biyu a wurin aiki. Bas ɗin shida da rabi na safiyar Laraba, a sauka ɗaya da rabi, lambu, kwana ɗaya a masauki, bas ɗin sha biyu da rabi na Alhamis. Maganin ɗigawa a ido sau huɗu a rana, riga biyu, naɗin kayan aikinsa. Jaka ɗaya ta ishe mu. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne kiret. Da asubar Laraba na same shi a ƙofar gida rungume da shi.

"Tsoho, noti ɗaya ne fa."

"Ban taɓa aiki babu shi ba."

Iya ta raka mu bakin titi. Ta ce min, "Ki riƙe masa hannu a matakala. In ya ce yana gani, ƙarya yake."

A bas wata mata da ke kujerar gefe ta dubi kiret ɗin a cinyarsa ta ce, "Baba, ina ƙwan?"

"An cinye tun kafin a haife ki," ya ce. Wannan ce kaɗai dariyar da ya yi a hanyar.

Taya ta fashe mana sau ɗaya, minti hamsin. Wani shingen gyaran gada ya ci talatin da biyar. Muka sauka uku saura biyar, iska mai danshi da warin gishiri ta tare mu tun daga tasha. Na ce mu ajiye jaka a masauki, ya ce lambu tukuna.

Ban taɓa ganin lambu irinsa ba. Daga ƙofa bishiyoyi ne dogaye a jere hagu da dama, arba'in da biyu, gindinsu an shafa farin fenti. Akwai kujerun katako, da ɗan tafki mai kifaye ja, da furanni da aka shuka layi-layi kowane launi da gurbinsa. Tsoho bai ga ko ɗaya ba, kuma bai nema ba. Ya ce taku ɗari da tamanin a miƙe, sannan a juya hagu. Na ƙirga na samu ɗari biyu da shida, takunsa ya gajarta. Muka juya hagu.

Babu hasumiya. Wata da'irar siminti ce kawai, an cika tsakiyarta da ƙasa an shuka fure mai ruwan ɗorawa. A gefe huɗu akwai kututturen ƙarfe da aka yanke, sun yi tsatsa. Tsoho ya durƙusa ya shafa ɗaya, ya shafa na biyu.

Wani mutum yana ban ruwa a kusa da dogon tiyo. Na yi masa sallama.

"Sannu da aiki. Don Allah hasumiyar agogon da ke nan fa?"

Ya dubi Tsoho. "Baba, ka kwana biyu rabonka da nan. Shekara tara ke nan da sauke ta."

"Agogon ne ya lalace?" Muryar Tsoho ta fito siririya.

"Ni fure na sani, Baba. Ranar da aka sauko da shi dai hannuwansa a tsaye suke, wannan na gani da idona."

Na ji yatsun Tsoho sun matse min hannu.

"Ina aka kai shi?" na ce.

"Na ji an ce gidan tarihi na tsohuwar tashar jirgin ruwa, in ba su zubar ba. Ku yi sauri, ƙarfe huɗu suke rufewa."

Huɗu saura ashirin da biyu. Fita daga lambun da takun Tsoho ya ci tara. Samun tasi ya ci shida. Muka isa huɗu da minti shida, muka tarar da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, da allo da ke cewa gobe ƙarfe tara. Na jijjiga ƙofar, na leƙa, ba kowa. Na fara lissafa inda muka ɓata minti shidan, a taya ne ko a gada ko a tsayawar da na yi kallon kifi. Tsoho ya ce in bari.

Bayan gidan tarihin akwai katangar bakin ruwa. Muka zauna a kai. Wannan ne ganina na farko da teku, na yi ƙoƙarin ƙirga igiyoyin ruwan a minti ɗaya, suka ruɗa ni, ba su da farko ba su da ƙarshe. Tsoho kuwa baya ya ba tekun, fuskarsa tana kallon bangon gidan tarihi.

"Ka juyo ka gani mana. Awa takwas da rabi muka yi a mota."

"Wancan zuwan ma ban kalle shi ba. Ina sama, yana ta hayaniya a bayana."

"To yau ka rama."

"Me zan gani? Fari ne a sama, fari a ƙasa." Sannan ya ce, "In sun ce ya karye, ke za ki faɗa musu ni ne, ko ni zan faɗa?"

"Kai za ka faɗa. Ni rakiya na yo."

"Haka ne."

Na sayo mana abinci, ya ci loma uku ya ture. Na ɗiga masa magani na huɗu a masauki, na kira Iya na ba ta labari. Ta ce, "Shekara ashirin da bakwai bai mutu ba, kwana ɗaya ba zai kashe shi ba. Ki ce ya cire takalmi kafin ya kwanta."

Ƙarfe shida na safe ya ƙwanƙwasa min ƙofa a shirye, kiret a hammata. Takwas saura kwata muna zaune a matakalar gidan tarihi, mai hawa goma sha huɗu. Tara daidai aka buɗe, mu ne na farko.

Ɗakin farko igiyoyi ne masu kaurin cinya, da manyan ƙarafan da ake tsayar da jirgi da su. Na biyu ƙananan jirage na katako cikin gilashi, da fitilun matuƙa. A tsakiyar ɗakin nan Tsoho ya ja ya tsaya.

"Yi shiru."

Ban ji komai ba da farko. Can sai na jiyo shi daga ɗaki na gaba, a hankali, mai nauyi: tak, tak, tak.

"Yana tafiya, Tsoho. Ka ji? Yana tafiya."

"Agogon da ya faɗo aka kira wani ya sake haɗa shi, shi ma yana tafiya," ya ce. Amma takunsa ya ƙaru.

Yana tsakiyar ɗaki na uku, an kewaye shi da jar igiya. Akwatin ƙarfe ne baƙi a kan ƙafa huɗu, tsayinsa ya kai ƙirjina, bayansa da murfin tagulla. Ƙarfen lilo yana kai da komo a ƙarƙashi. Fuskar agogon an kafa ta a sama, da ƙararrawa a gefe. Na duba wayata: tara da minti goma sha ɗaya. Na duba shi: tara da goma sha ɗaya.

A bakin ƙofa wata mata ce zaune a kujera, za ta yi shekara hamsin da wani abu, da tarin makullai a ɗaure a ƙugunta. Ita ce mai kula da ɗakin. Ta ga Tsoho ya ɗaga ƙafa zai tsallake igiya.

"Baba, ba a shiga nan."

Na gaishe ta, na yi mata bayani a taƙaice: kakana ne, shi ya gyara agogon nan tun yana lambu, akwai notin da ya bi shi gida, yana so ya duba ciki.

"'Yata, kin san mutum nawa suke zuwa nan su ce kakansu ne ya ƙera wani abu? Makon jiya wani ya ce jirgin da ke ɗaki na biyu na gidansu ne."

"Namu gaskiya ne, Inna."

"Nasa ma haka ya ce. Sai shugaba ya zo."

"Yaushe yake zuwa?"

"Sha ɗaya. Ko sha biyu. In ya zo."

Daga nan zuwa tasha minti ashirin da biyar ne, bas sha biyu da rabi, kuma ran Juma'a akwai gwajin jini kafin aikin ido, ba a ɗagawa. Na faɗa mata duk wannan. Ta ce ta ji, Allah Ya ba shi lafiya, amma doka doka ce. Ta dai tashi ta ba Tsoho kujerarta. Ya zauna dab da igiya, kiret a cinya, kunnensa a karkace wajen agogon. Minti arba'in bai motsa ba.

Ƙarfe goma ƙararrawa ta buga. Na ƙirga goma. Da ta ƙarshe ta mutu sai wata ƙara ta biyo baya daga cikin akwatin, zrrr, kamar ƙuda a cikin kwalba.

Tsoho ya miƙe tsaye. "Mene ne wannan?"

Matar ta yi murmushi. "Tarinsa ne. Duk bugu sai ya yi tari. Haka muka same shi. 'Yan makaranta in sun zo, tarin suke jira, ba bugun ba."

"Wannan ba daga ciki ba ne," Tsoho ya ce a hankali. "Wani abu ne a sake yake rawa."

Na bi igiyar na zagaya bayan akwatin. Murfin tagulla mai kusurwa huɗu. Sama hagu, kan noti. Sama dama, kan noti. Ƙasa dama, kan noti. Na durƙusa. A ƙasa hagu, can ƙarƙashin wani ƙarfen da ya gitta, babu noti. Wata takarda ce a ninke an cusa tsakanin murfin da akwatin.

"Tsoho, murfin baya noti nawa ne?"

"Huɗu."

"Uku ne a nan."

"Haka ya zo," matar ta ce. "Ni nake cusa takardar, yana tofar da ita."

Tsoho ya juyo wajen muryarta. "Baiwar Allah, kina buɗe murfin nan?"

"Sau biyu a shekara, in sa mai. Duk Litinin kuma ni nake yi masa wani, in murɗa shi kar ya tsaya. Shekara tara."

"To zan faɗa miki abin da ke cikinsa. A sama akwai harafi biyu a cikin da'ira, ya tsufa. Ƙarƙashinsa wani ya zana kifi, hannunsa ba kyau, kifin kamar takalmi. Ƙarƙashin kifin zane biyar a jere, da shekara."

Matar ta daina wasa da makullanta. Ta dube shi, ta dube ni, ta leƙa ƙofa. Sannan ta ɗaga igiyar da hannunta.

"Ni na ɗauka kaza ce ta taka wurin," ta ce. "Shigo, Baba. In shugaba ya zo, ban gan ku ba."

Ita ta kwance notin uku da sukudirebanta, Tsoho ya miƙa mata kiret ta sa su ɗaya bayan ɗaya, tana dariya. Muka jingine murfin a bango. Na haska da fitilar waya. Da'ira, kifi, zane biyar.

"Me ke ƙasan nawa?" ya tambaye ni.

"Ba komai."

"Duba da kyau. Ke ma wani lokaci garaje gare ki."

Na goge da gefen mayafina na sake dubawa. "Tagulla ce kawai, Tsoho. Babu wanda ya rubuta komai bayanka."

Bai yarda ba sai da ya bi wurin da ɗan yatsa, sama da ƙasa, sau biyu. Sannan ya zura hannu cikin akwatin, can sama inda ƙarfen lilo yake rataye, yana kauce wa haƙoran da ke juyawa kamar yana ganinsu. Na ga leɓɓansa suna motsi. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya daɗe kafin na huɗu.

"Huɗu," ya ce. Ya zaro hannun ya zauna a ƙasa, a kan simintin, ya jingina da ƙafar akwatin.

"Amma mai ban ruwa a lambu ya ce a tsaye aka sauko da shi," na ce wa matar.

"To da gudu za a sauko da shi? Tsayar da shi aka yi, aka ɗaure lilon. Ƙafafun hasumiyar ne gishiri ya cinye, ana tsoron ta faɗo kan mutane. Agogon kam, wanda ya riƙe shi kafin ni ya ce bai taɓa ba shi wahala ba."

Tsoho ya tuna sauran da kansa, yana zaune a ƙasan. A saman hasumiya kusurwar nan tana manne da ginshiƙi, ba a ganinta, sai da lalube. Ita ya fara kwancewa don ta fi wuya, tun kiret yana cikin jaka saboda iska. Ya jefa notin a aljihu da niyyar minti ɗaya. Bayan kwana uku kiret ya ce masa an gama, shi kuma bai taɓa musu da kiret ba.

Muka mayar da murfin. Matar ta ɗaure ukun. Tsoho ya buɗe gwangwani, ya ɗauko notin, ya sa shi a ramin farko na kiret, ya bar shi ya ɗan zauna. Sannan ya ɗauke shi.

"Kawo in sa maka, Baba," matar ta ce. "Wurin da duhu."

"Ba ni minti biyar."

Na duba waya. Ya kwanta a gefensa kamar makanike a ƙarƙashin mota. Notin ya suɓuce masa sau biyu, sau biyu ina tsinto masa. Ramin ya cushe da ƙura, ya sa tsinke ya share. Karo na uku ya kama. Ya juya a hankali, ya tsaya, ya ƙara rabin juyi. Minti huɗu da daƙiƙa arba'in. A iya sanina, ranar ce ya fara cika wannan alkawari.

Na ce mu tafi, lokaci. Ya ce sai ya ji sha ɗaya. Muka tsaya mu uku a bayan igiya kamar baƙin kirki. Ƙararrawa ta buga goma sha ɗaya, ta ƙarshe ta yi ta amo har ta narke. Babu abin da ya biyo baya sai tak, tak.

"To, Baba, ka kashe mana tari," matar ta ce. "Me zan ce wa 'yan makaranta?"

"Ki ce likita ya zo."

"Likitan da ya yi shekara ashirin da bakwai a hanya." Ta sunkuya ta ɗauko takardar nan da aka ninke ta danƙa masa. "Ungo, tukuicinka. Ta gama aikinta."

Saura mana awa ɗaya ta sarari, na lissafa. Da muka sauko matakala goma sha huɗun sai ya ja ni ta bayan ginin, ya tsaya a katangar, wannan karon fuskarsa ga ruwa. Ya ce har yanzu fari ne a sama, fari a ƙasa, amma na ƙasan yana motsi. Ya tambaye ni ko akwai sauran abincin jiya. Babu, na sayo wani, ya cinye tas har ya leƙa nawa. A bas tun kafin mu fita gari ya yi barci, hannuwansa biyu a kan kiret, aljihun gaba ba mai tsaronsa.

An yi aikin ranar Litinin. Na hagu ya buɗe, har yana karanta agogon bango daga kujerarsa yana cewa ya yi gaba da minti biyu. Na dama yana nan da hazonsa, likita ya ce mu ba shi lokaci, ba mu sa rai sosai ba. Shagon bai sake buɗewa ba, wani mai gyaran waya ne a ciki yanzu.

Mako biyu bayan nan na je gidan, na tarar da Iya za ta yi wanki tana lalube aljihun rigarsa. Ta zaro gwangwanin, ta buɗe, ta ga takarda a ninke a kan audugar.

"Wannan kuma wa za mu kai wa?" ta ce. "Ka faɗa tun yanzu, tun yarinyar nan tana da sauran hutu."

"Ajiye min kayana," Tsoho ya ce daga kujerarsa. "Wannan ba ni aka yi."